Ofishin akantan da ya gyara mana lissafin hannun jarin ma'aikata a Zariya, abin da na gani

Salam jama'a. Tun bara nake son rubuta wannan saboda masu ƙananan kamfanoni irin namu da suka fara ba ma'aikatansu hannun jari, na san akwai su a Zariya da Kaduna da Kano, kuma na san yawanci alƙawarin a baki yake ko a takarda ɗaya da ke cikin durowa, littafin kuɗi bai san da shi ba. Mu ma haka muka yi sai da odita ya taka mana birki. Ba zan kama sunan ofishin ba tunda zan faɗi inda suka gaza, amma a Sabon Gari suke wajen PZ, a saman wani bene, mai ofishin dattijo ne da ya yi karatunsa a Kongo, reshen jami'ar Ahmadu Bello, ɗan ICAN ne, wato ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, kuma yana da lambar rajista ta FRC, hukumar da ke sa ido kan rahotannin kuɗi na kamfanoni.

Kamfaninmu na abincin kaji ne, injinmu na Dakace a hanyar Jos, muna sayen masara daga Giwa da Soba da Saminaka, waken soya kuma duk inda ya samu. Baffana ne ya kafa shi, ni nake riƙe da ɓangaren kuɗi. To kun dai san yadda 2023 ta zo, an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, a Yuni aka saki naira, masara ta yi tashin gwauron zabi, gas na janareta ba a magana, ma'aikata kuma albashi ya daina kai su rabin wata. Biyu daga cikin ƙwararrunmu suka tafi a wata ɗaya. Kuɗin ƙarin albashi mai kauri babu, sai Baffa ya ce to a ba su rabo a kamfanin. Mutum 12 aka zaɓa, kowa hannun jari 50,000, da sharaɗin ya cika shekara uku yana aiki, daga Janairun 2024 zuwa ƙarshen 2026. Daraktoci biyu da ba sa zama a ofis, waɗanda sai taro suke zuwa, Baffa ya ba kowannensu 100,000 daga cikin nasa na kansa nan take ba wani sharaɗi. Shi kuma likitan dabbobin da ke haɗa mana ma'aunin abinci ya ce shi ba ya son takarda, kuɗi yake so, sai aka yi masa alƙawarin bayan shekara uku za a ba shi tsabar kuɗi daidai da ƙimar hannun jari 100,000 a lokacin.

Ni dai ban rubuta ko sisi a littafi ba, saboda a ganina kuɗi bai fita daga asusu ba. Da muka zo rufe lissafin 2024 banki na jiran takardunmu saboda wani rance na sayen masara da kaka, odita ya ga maganar a bayanan taron daraktoci ya ce ba zai sa hannu ba sai an shigar da ita. Muka ce to ya yi mana, ya ce a'a, shi ba zai ƙiyasta abu da hannunsa kuma ya dawo ya binciki kansa ba, mu nemi wani daban. Haka muka isa wannan ofishin na PZ.

Zaman farko da Baffa muka je, kuma gaskiya a nan mutumin ya saye ni. Baffa ya shiga da zafinsa, ya ce Malam ni fa ban gane ba, kamfani bai cire ko kwabo ba, ta ina za a ce an kashe kuɗi? Malam akanta bai ɗauko littafin Turanci ba, ya ce ranka ya daɗe, a kasuwar Sabon Gari in ka ɗauki yaron shago ka ce bayan shekara biyar za ka sallame shi da jari, ranar sallama ce kaɗai yaron ya yi maka aikin da ya ci jarin? Baffa ya ce a'a, tun ranar farko yake yi. Ya ce to kowace shekara yana cin kasonsa na sallamar, in ka lissafa ribar shagonka ba ka ware wannan kason ba ka ruɗi kanka, ribar da kake gani ba taka ba ce duka. Ya ce hannun jarin nan ladan aiki ne kamar albashi, bambancin kawai da me aka biya, kuma wanda ya biya su ne tsofaffin masu kamfani da rabonsu ya ragu. Baffa ya yi shiru, can ya ce ci gaba Malam.

Daga nan ya shigo da ƙa'idar. Sunanta IFRS 2, hukumar ƙa'idojin lissafi ta duniya da ke Landan ce ta fitar da ita a Fabrairun 2004, ta fara aiki Janairun 2005. Kafin lokacin manyan kamfanoni musamman a Amurka suna raba wa shugabanninsu damar sayen hannun jari na maƙudan kuɗi ba tare da ya taɓa ribar da suke nuna wa duniya ba, sai bayan rushewar babban kamfanin makamashin Amurka Enron a 2001 aka matsa lamba, ita ma Amurka ta gyara tata ƙa'idar a Disambar 2004. Najeriya ta hau tsarin IFRS daki-daki, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari daga 2012, ƙanana da matsakaita daga 2014, kuma FRC da aka kafa da dokar 2011 ita ke sa ido. Mu da yake ba a kasuwa muke ba, ƙaramin littafin ƙa'idar na ƙananan kamfanoni muke bi, sashe na 26, amma ya ce ɗan IFRS 2 ne, jini ɗaya. Na ji daɗi da ya faɗa mana wannan tun farko domin wani da na tambaya a waya kafin shi ya so ya ɗora mana babban littafin gaba ɗaya.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne gano ranar da za a kira ranar alƙawari, saboda ƙimar hannun jarin ta wannan ranar ce ake kamawa a daskare, ba a sake taɓa ta ko kamfani ya ninka daga baya. Baffa ya faɗa wa ma'aikata da baki tun Disambar 2023 a wajen cin abincin ƙarshen shekara, ni a wurina ranar kenan. Malam ya ce a'a Hajiya, sai ranar da ɓangarorin biyu suka fahimci sharuɗɗan, kuma in abin yana buƙatar amincewar masu hannun jari to sai ranar da suka amince. Ya sa na kwaso masa fayil-fayil, bayanan taro, wasiƙun da ma'aikata suka sa wa hannu, har saƙonnin WhatsApp na rukunin daraktoci sai da ya karanta, a ƙarshe ya tsayar da ita a Janairun 2024. Na ga yaronsa yana jera takardun a tebur bisa kwanan wata kamar mai shanyar hatsi, wallahi aikin ya burge ni.

Sai maganar ƙima, nan aka ɗan yi ja-in-ja. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari ta Legas farashinsa a allo yake, kowa na gani. Namu fa? Hannun jari miliyan 20 ne a rajista kan naira ɗaya ɗaya, Baffa ya ce to a lissafa a naira ɗaya mana. Malam ya ce naira ɗayan nan suna ce kawai a takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, in wani ya zo yau ya ce ka sayar masa da kamfanin a miliyan 20 za ka yarda? Baffa ya ce ko injin kaɗai ya fi haka. Ya ce to ka gani. Ƙa'idar ta ce a fara duba farashin kasuwa, in babu a duba wani ciniki na kusa da aka yi da hannun jarin kamfanin, in shi ma babu sai a yi ƙiyasi da hanyar da masana suka yarda da ita. Akwai cinikin da aka yi a 2023 tsakanin Baffa da ƙaninsa a naira 20, na kawo masa da murna, ya ƙi karɓa, ya ce cinikin 'yan'uwa ne akwai sauƙin zumunci a ciki, ba farashin da baƙo zai biya ba ne. Sai ya ɗauki ribar shekaru uku, ya duba kadarori da bashi, ya rage wani abu saboda hannun jarin kamfani irin namu ba a iya sayar da shi cikin sauri, ya tsaya a naira 30. Ya rubuta dalilin kowane mataki, kuma wannan rubutun ne odita ya fi dubawa daga baya.

Lissafin kansa da ya zauna ya nuna min a Excel ba shi da wahala in an gane kan zaren. Mutum 12 sau 50,000 sau naira 30 miliyan 18 kenan, amma ba a ɗauka duk za su cika shekara ukun ba, ya tambaye ni tsakani da Allah mutum nawa kike ganin za su zauna, muka duba yadda ma'aikata ke tafiya a baya muka ce 10. To 500,000 sau 30, miliyan 15, a raba uku, miliyan 5 ta shiga kuɗin da aka kashe kan ma'aikata a 2024, daidai wannan adadin kuma ya zauna a wani asusu a ɓangaren jarin masu kamfani, ba a ɓangaren bashi ba tunda ba kuɗi za a biya ba. A ƙarshen 2025 mutum uku sun riga sun tafi, ɗaya ya samu aikin gwamnati, biyu sun koma Kano, sai muka koma kan mutum 9. Wato 450,000 sau 30, miliyan 13.5, kashi biyu cikin uku miliyan 9, a cire 5 ta 2024, saura miliyan 4 ta 2025. Ni da kaina na yi wannan na biyun da fayil ɗin da ya bar min, na aika masa ya duba ya ce daidai ne. Abin da ya ja kunnena a kai shi ne adadin mutane ne ke motsi, naira 30 ɗin ba ta motsi, kuma da zarar hannun jarin ya nuna ya zama na mutum, ko ya ajiye aiki washegari ba a goge abin da aka rubuta. Ya kuma ce in Baffa ya fusata wata rana ya soke shirin a tsakiya, ragowar kuɗin ba ɓacewa zai yi ba, gaba ɗaya zai faɗo a shekarar da aka soke.

Na likitan dabbobi shi ne ya zo da wani salo daban, kuma da ban je ofishin nan ba da na haɗa su a kwando ɗaya. Tunda kuɗi za a ba shi, bashi ne a wuyan kamfani, kuma shi kowace shekara sai an sake auna shi da sabuwar ƙima har ranar biya. Ƙarshen 2024 ƙimar ta kai naira 36, wato miliyan 3.6, kashi ɗaya cikin uku miliyan 1.2. Ƙarshen 2025 ta kai 45, miliyan 4.5, kashi biyu cikin uku miliyan 3, an riga an rubuta 1.2, sai aka ƙara 1.8. Kun ga duk lokacin da kamfani ya ƙara daraja bashin na kumbura, kuma ranar biya tsabar kuɗi za mu nemo a daidai lokacin da muke buƙatarsu don sayen masara. Malam ya ce da an tambaye shi tun farko da ya ba da shawarar a sa ranar biyan nesa da kaka. Yanzu muna ware wani abu duk wata saboda shi.

Inda Baffa ya fi jin zafi shi ne na daraktoci. Ya ce Malam wannan fa daga aljihuna na bayar, kyauta ce tsakanina da abokaina, me ya haɗa kamfani da ita? Malam ya ce ranka ya daɗe, da ba sa zama a taron kamfanin nan suna ba da shawara da ka ba su? Baffa ya ce gaskiya a'a. Ya ce to kamfani ne ya ci moriyar aikinsu, kai ka biya masa, a littafi za a nuna kamfani ya kashe, kai kuma ka ƙara masa jari da wannan adadin. Kuma tunda ba sharaɗin jira, duka miliyan 6 ta faɗa 2024 lokaci ɗaya. Bayan haka dole ta fito a bayanin abin da manyan masu tafiyar da kamfani suka samu, saboda duk mai karanta lissafin ya san me na sama suka ɗauka. Ni wannan ɓangaren na fi so a duk aikin, domin muna da gwaggo biyu da ke da ƙaramin rabo a kamfanin tun gado, ba sa zuwa taro, haƙƙinsu ne su gani a rubuce. Jimilla ribar 2024 ta ragu da miliyan 12.2 a takarda, Baffa ya kwana biyu ba ya walwala, amma bankin ya ba da rancen, jami'in ma cewa ya yi bai saba ganin kamfani mai girmanmu ya fito da wannan a fili ba.

Wani abu da ya tono wanda ba mu ma tambaye shi ba, Baffa yana ta cewa ai akwai ragowar hannun jarin da ba a raba ba a ajiye, daga nan za a ba yaran. Malam ya ce wannan tsohon zance ne, dokar kamfanoni ta 2020 ta kawar da ajiye hannun jarin da ba a raba ba, wa'adin da CAC ta bayar ya ƙare tun 31 ga Disambar 2022, don haka in lokaci ya yi sai an yi taro an ƙara jari an yi rajista an biya kuɗin hatimi, sannan a ba su. Ya ce mu sa lauyanmu a ciki tun yanzu. Haka kuma da maganar zaɓin saye ta taso, wato a ba ma'aikaci damar ya sayi hannun jari nan gaba a tsohon farashi, ya yi mana bayanin cewa shi sai an auna shi da lissafi irin na Black da Scholes na 1973, mai buƙatar sanin yadda farashi ke hawa da sauka, abin da ke da wuyar samu ga kamfanin da ba ya kasuwa. Baffa kuma dama malaminsa ya ce masa ya nisanci wannan saboda shubuhar da malamai suke gani a cinikin zaɓi, Malam akanta bai tsoma baki a fatawa ba, ya ce wannan fagen malamai ne, shi dai ta ɓangarensa ba da hannun jarin kai tsaye ya fi mana sauƙi.

To yanzu inda suka ɓata min rai. Na farko lokaci. Sati uku aka ce, sai da aka yi bakwai, banki na kira ni ina kiran ofis, yaron da aka haɗa ni da shi ba ya ɗaga waya sai ya ga dama, saƙo kuma sai ya kwana biyu. Sau huɗu ina tasowa daga Dakace in ratsa cunkoso in zo PZ, ga wajen ajiye mota babu, in hau benen nan a ce min Oga ya tafi Kaduna. Na gane lokacin rufe lissafi ne kowa na kansu, amma da sun faɗa min gaskiya tun farko da na san abin da zan gaya wa banki. Na faɗa wa Malam wannan a gabansa, ya ba da haƙuri, bai kawo uzuri ba, amma kwanakin sun riga sun tafi kuma masara ta ƙara kuɗi a tsakanin.

Na biyu kuɗi. Naira 850,000 ban da harajin VAT na kashi 7.5, kuma sai da aka gama na ji cewa maganar harajin albashi da zai iya hawa kan ma'aikata ranar da hannun jarin ya zama nasu, wanda mu ne za mu cire mu kai wa hukumar harajin jihar Kaduna, ba ta cikin aikin, wani ciniki ne daban. Ya kamata a ce takardar yarjejeniya ta faɗi haka ɓaro-ɓaro. Sake auna ƙima na kowace shekara saboda likitan dabbobi shi ma da kuɗinsa, duk da ya yi mana ragi a na 2025.

Na uku rahoton. Shafi 26 na Turanci mai nauyi, ni da na karanci akanta ma sai da na bi shi da biro. Mutanen da abin ya shafa direbobi ne da masu kula da inji da mai sito, na ce Yallaɓai waɗannan fa su ne masu abin, ba za a bar su a duhu ba. Nan kam ya kyauta, ya zo Dakace da kansa wata Asabar bayan la'asar bai karɓi ko sisi ba, aka shimfiɗa tabarma a gaban sito ya yi musu bayani da Hausa tsantsa sama da awa ɗaya. Babban direbanmu, dattijo ne mai 'ya'ya takwas, ya ɗaga hannu ya ce Malam in Allah ya ɗauki raina kafin shekara ukun fa, iyalina sun tashi a tutar babu kenan? Wurin ya yi tsit, domin wasiƙar da muka ba su ba ta ce komai a kan mutuwa ko rashin lafiya ba. Malam ya juya ya kalli Baffa ya ce Alhaji wannan amsarka ce ba tawa ba, ni dai duk abin da kuka yanke zan san yadda zan rubuta shi. A wurin Baffa ya ce magada za su karɓi rabon mamaci cikakke, aka sa lauya ya ƙara shi a wasiƙun a satin.

In za ku je wurinsu ko wurin wani irinsu, ku tafi da bayanan taro da wasiƙun da aka sa wa hannu da lissafin shekara uku da takardun CAC, ku nemi ganin lambar FRC ta wanda zai sa hannu, kuma ku je tun watan Oktoba ko Nuwamba kafin layi ya yi tsawo. Mu dai Disambar 2026 ne hannun jarin mutum taran zai nuna in Allah ya kai mu, saura miliyan 4.5 a rubuta in ba wanda ya sake tafiya, ga kuɗin likita da za a biya. Na riga na kira Malam na kama layi, wannan karon na ce a rubuta ranar miƙa aiki a cikin yarjejeniya da abin da za a rage in sun wuce ta, da shafi biyu na Hausa da zan raba wa ma'aikata, ya ce in turo masa a rubuce zai sa hannu.